Babbar Ƙwayar Malama

Sunansa na gaskiya yana nan a katin asibiti, amma a layinsu ba mai amfani da shi. Sifana ake ce masa, saboda sifanar da ke leƙowa daga aljihun bayan wandonsa tun yana saurayi. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba, sifanar kuwa ba ta canza aljihu ba.

Gyaran famfo ne sana'arsa. Ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana durƙusawa a banɗakin mutane, yana kara kunne a bango kamar mai neman gulma. Ta baya ya san gidajen unguwar. Ya san wanda ke zuba ragowar mai a magudana, ya san wanda ya shafa fenti mai tsada a falo ya bar bututu mai tsatsa a bayansa. Bai taɓa fitar da maganar kowa ba, shi ya sa mata ke barin sa ya shiga har ƙuryar ɗaki, maza kuma ke gaishe shi da ɗan sunkuyar da kai.

A ganinsa matsalar duniya iri biyu ce, yoyo da toshewa. Yoyo ya raina. Ya kan ce yoyo yana da ladabi, yana ɗiga, yana jiƙa bango, yana sanar da zuwansa tun kafin ya yi ɓarna. Toshewa ce munafuka. Tana taruwa shiru shekara da shekaru, ba ƙara ba wari, sai ranar da ka yi baƙi ta maido maka da komai tsakar ɗaki. Duk mai gidan hayar da ya ce masa a jira sai bututu ya toshe tukuna, Sifana ya kan kwashe kayansa ba musu, don ya san za a kira shi, kuma ranar sai an fasa bango.

Matarsa malamar makaranta ce, ta ƙananan aji, har ta yi ritaya. Malama yake ce mata, ita kuma ta ce masa Injiniya. Da zolaya ta fara kiran sa haka tun suna zance, kuma har suka tsufa bai tabbatar ko zolayar ta ƙare ba. 'Yarsu ɗaya ce, amma Auta suke ce mata, kamar akwai wasu a gabanta. A hawa na uku suke zaune, ɗaki biyu da falo, da baranda inda Malama ke shanya.

Sifana bai iya daɗin baki ba. In sun yi faɗa, washegari sai Malama ta tarar an canza robar famfon kicin da lafiyarta ƙalau. In ta yi rashin lafiya, sai ya wanke tanki. Saboda haka babu gidan da ya kai nasu lafiyar ruwa a duk unguwar. Masai ɗin banɗakinsu kuwa abin alfaharinsa ne. Da hannunsa ya ɗaga tankin sama ya faɗaɗa bututun, in aka ja mariƙin sai ruwa ya sauko da ƙarfi ya tafi da komai a ja ɗaya, bai bar ko alama ba.

Sai dai alfahari ne da ba a yin sa da baki, domin tun makon farko na aurensu Malama ta kafa doka. Kayan aiki da takalmi a bakin ƙofa suke tsayawa, haka ma labarin abin da ya gani a banɗakin mutane. A gidanta ba a ambaton bayan gida, ko na baƙo ko na ɗan gida. Sifana ya ga dokar ta dace da mace mai ilimi, ya bi ta fiye da yadda ɗalibanta suka taɓa bin wata doka tata.

Ciwon suga ya same su kusan lokaci ɗaya, shi da fari, ita bayansa. Malama ta ce to madalla, a ƙarshe dai sun sami abin da suka yi tarayya a kai ban da Auta. Aka kori suga daga shayi, aka rage burodi, aka sayi ɗan injin da ke tsira yatsa. Da safe su kan tsire yatsu su gwada wa juna lamba, wanda tasa ta hau ya sha tsiya.

Yayan Sifana, wani tsohon direban bas, shi ma yana da suga. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, bai ɗago ba. Aka ce zuciya ce. Sifana ya yi jimami irin nasa, wato ya canza duk famfunan gidan matar marigayin. Ba a daɗe ba shi ma, yana kwance rigingine ƙarƙashin wurin wanke hannu a gidan wani tela, ya ji kamar an ɗora masa cikakken tanki a ƙirji. Telan ne ya kai shi asibiti, da almakashi a aljihu.

Ya tashi. Likitar da ta duba shi, wata mai gilashi da ba ta fi Auta shekaru ba, ta zana masa zuciya a takarda ta nuna masa inda wata hanyar jini ta toshe. Sifana ya gyara zama. Tunda yake zuwa asibiti, ranar ce aka fara yi masa magana da yaren da ya sani. Cikin magungunan da ta rubuta masa akwai asfirin, 'yar ƙarama, ɗaya kullum, don kada jini ya riƙa daskarewa a hanya. Ta ce ga wanda zuciyarsa ta taɓa bugawa irin haka, wannan ƙwaya ba abin wasa ba ce, kada ya bari.

Nan take ya nuna Malama da ke zaune gefe da jaka a cinya, ya ce ai ita ma tana da suga, a rubuta mata. Likita ta tambayi Malama ko zuciyarta ta taɓa damun ta, ta ce a'a. Ta tambaye ta ciki fa, sai Malama ta tuna gyambon cikin da ya wahalar da ita shekarun baya. Likita ta ajiye biro. Ta ce suga yana ƙara haɗarin ciwon zuciya, gaskiya ne, amma ba kowane mai suga ake ba asfirin ba. Ga wadda zuciyarta ba ta taɓa komai ba, amfanin kaɗan ne, ga shekaru, ga tsohon gyambo, ƙwayar na iya sa ciki ya riƙa zubar da jini. Gara ta kula da suganta da hawan jini, ta riƙa tattaki.

Sifana ya yi godiya cikin ladabi. Abin da kunnensa ya ɗauka dai shi ne a jira sai ya toshe tukuna, kuma wannan magana ya san masu yin ta. Batun zubar jinin ya ji shi sarai. Yoyo ne, shi kuwa bai taɓa ganin yoyon da bai sanar da kansa ba.

Da ya fara iya fita, kemis ɗin bakin titi ya nufa. Mai kemis yana kallon ƙwallo a waya, bai ɗago ba ya tambaya, ƙarama ko babba. Ya ajiye duka biyun a kan kanta. Babbar irin wadda ake sha don ciwon kai ce, ta ninka ƙaramar sau da yawa. Sifana ya dubi ƙaramar, irin tasa, da in ta faɗi ƙasa sai an tsuguna neman ta. Bai taɓa saya wa Malama ƙaramin abu ba alhali akwai babbansa, kuma a sana'arsa ba a taɓa yin nadamar sa bututu mai faɗi ba. Ya ɗauki babbar. Mai kemis bai tambayi ta wa ce ba, don a lokacin an kusa cin ƙungiyarsa.

Washegari da safe ya haɗa shayi, ya jera kofi biyu, ya ajiye ƙwaya a gefen kowanne. Malama ta ɗaga tata ta juya ta a haske.

"Injiniya, kai mai ciwon aka ba ƙarama, ni mai lafiya babba?"

"Ke ce babba a gidan ai."

"Yarinyar nan fa ta ce kada in sha."

"Yarinyar nan ba ta taɓa fasa bango ta ga abin da jira ke jawowa ba. Yayana jira ya yi."

Ta dube shi ta saman gilashi, irin kallon da take wa yaron da ya kawo mata fure daga shukar makaranta. Ta san mutumin da take aure. Ta san wanda bai iya cewa kada ki mutu ki bar ni ba, ga yadda yake faɗin ta. Ta haɗiye, ta kora da shayi, ta ce ya yi ɗaci kamar mai haɗa shi.

Haka abin ya zama ƙa'ida. Sau da yawa ƙwayar kan riga burodi isa ciki, don Malama ba ta son cin abinci da sassafe. Da gwiwa ta fara damun ta kuma, maƙwabciyarsu ta hawa na biyu ta ba ta wani maganin ciwon gaɓɓai da ta rantse da shi, Malama ta haɗa da shi don kada ta ɓata wa maƙwabciya rai. Sifana bai taɓa mantawa ba ko sau ɗaya. Ranar da Malama za ta kwana gidan Auta, sai ya naɗe mata ƙwayar a takarda ya sa a jaka.

Watanni suka shuɗe. Malama ta fara tsayawa hutu a hawa na biyu, sannan a na ɗaya. Leɓenta ya koɗe, tafin hannunta ya yi fari. In ta miƙe da sauri sai ta dafa bango. Ita ta ce suga ne. Auta ta ce tsufa ne, ta kawo mata maganin ƙarin kuzari. Sifana ya tsaya a bayanta a matakala yana sauraron hakinta, kamar yadda yake sauraron bango, ya yanke cewa toshewar ce ta fara. Ya gode wa Allah da ya sa ya yi dabara da wuri, ya ƙara tsananta ƙa'idar.

Wata safiya, ƙwayar tana hannunta, ta ce, "Injiniya, in tambaye ka mana." Ya ɗago. Ta daɗe tana kallon kofinta, sannan ta ce famfon kicin ne take ji kamar yana tauri. Kafin rana ta take ya canza shi da sabo, ya kira ta ta murɗa ta ji. Ta murɗa, ta ce ya yi.

Sai daga baya ya san abin da ta so tambaya. Ta daɗe tana ganin bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Ta san ba daidai ba ne. Kuma a duk garin babu wanda ya fi mijinta sanin abin da ya kamata a gani a masai da abin da bai kamata ba. Amma kullum sai ta ja mariƙin, ruwa ya sauko da ƙarfi, ya yi aikin da aka gina shi ya yi.

Da hantsi abin ya faru, tana shanya a baranda. Sifana yana bakin ƙofa yana goge kayan aiki ya ji bokiti ya kife. Ya tarar da ita a zaune a ƙasa, jingine da bango, ta yi amai baƙi-baƙi a kan zanen gadon da ta wanke, tana ƙoƙarin ninke shi don kada ya gani. Ɗan maƙwabciya mai tasi da wani mai kai gas ne suka sauko da ita a kujera. Sifana ya bi su a baya riƙe da takalminta.

A asibiti aka ƙara mata jini, leda bayan leda. Aka zura mata kyamara ta maƙogwaro, aka ga tsohon gyambon ya buɗe, ya daɗe yana zuba kaɗan-kaɗan. Da ta farfaɗo, wani likita dattijo ya ce a kawo duk abin da take sha. Auta ta je gida ta kwaso a leda ta zazzage a kan gado. Likitan ya ware na suga gefe, ya ɗaga na gwiwa ya girgiza kai, sannan ya ɗauki katin babbar ƙwayar, wanda saura biyu a ciki.

"Wa ya ba ki wannan, Mama?"

Sifana yana tsaye a ƙarshen gado, hularsa a hannu. Ya buɗe baki.

"Ni na saya wa kaina, likita," in ji Malama. "Na ji ana cewa tana kare zuciya."

Likitan ya yi mata faɗa a hankali, yana jan kalmomi, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Ya ce magani ba alewa ba ne, abin da ya ceci wani yana iya kayar da wani. Matar da ta shekara talatin tana koya wa yara kada su sa abin da ba su sani ba a baki ta saurara, tana cewa to, to, an gode. Sifana ya rufe bakinsa, kuma wannan rufewar ta fi komai tsaya masa a rai daga baya. A barandar asibiti Auta ta tsaya kusa da shi, ba ta dube shi ba, ta ce, "Baba, ka san Mama ba ta iya ƙarya ba." Ya ce ya sani.

Jinin ya tsaya, amma bai tafi haka nan ba. Likita ya ce zuciyarta ta daɗe tana aiki da ɗan abin da ya rage, ta wahala, ta sami rauni da ba lallai ta warke sarai ba. Hawa bene ya ƙare mata. Sifana ya nemi a sake masa bayanin, aka sake. Ya fahimta tun na farko, so yake ko na biyun zai zo daban.

Auta ta ɗauke ta zuwa gidanta da ke ƙasa, a wata unguwa, tafiyar bas guda. An ce Baba ma ya dawo, ya ce ba zai zauna a gidan suruki ba, kuma wa zai kula da tanki. Ya koma hawa na uku shi kaɗai. Ya bi famfunan ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa, babu mai buƙatar komai.

Ƙaramar ƙwayarsa kuwa ya daina sha. Bai yi shawara da kowa ba, ya jefa katin cikin akwatin kayan aiki, tsakanin robobi da zaren ɗaure bututu. Bai iya kallon ta a gefen kofi. A ransa kuma akwai wani hukunci da bai furta ba, cewa in toshewar tana son zuwa, ta san gidan.

Kullum da safe ya kan hau bas da filas ɗin shayi. Auta ce ke riƙe da magungunan uwarta yanzu, a wani akwati mai murfi, a saman firji, kuma ba ta taɓa cewa kada ya taɓa ba, shi ma bai taɓa kallon saman firjin ba. Ya kan zauna a kujerar roba kusa da gadon Malama, su tsire yatsu, su gwada lamba. Tsiyar ce dai ta ragu.

Wata rana, Auta ta tafi aiki, ya yi tambayar da ya daɗe yana ɗauke da ita.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ta ina zan fara, Injiniya? Ni na kafa dokar."

Ya ce da ta karya. Ta ce shi ma da ya ji maganar yarinyar mai gilashi. Kowa ya riƙe nasa. Can ta tambaye shi, kamar abin bai dame ta ba, ko yana shan tasa. Ya ce shayin ya huce, bari ya ɗumama. Malama ta shekara talatin tana jin irin wannan amsa daga yaran da ba su yi aikin gida ba.

Ba ta yi masa faɗa ba. Da Auta ta dawo, ta sa ta kira likitar mai gilashi a waya, ta buɗe murya yadda zai ji. Likitar ta ce kada ya kuskura ya bari, shi hanyar jininsa ta riga ta taɓa toshewa, ƙwayar da ta cuci Mama ita ce ke tsaron Baba, ya zo a duba shi cikin makon nan. Sifana ya saurara yana kallon ƙasa. Ya lura ba ta ce ai na faɗa muku ba, kuma ya so a ce ta faɗa.

Malama ta sa ya kawo katin daga akwatin kayan aiki, da ɗan baƙin mai a gefensa. Ta goge shi da bakin mayafi, ta sa a wani tsohon gwangwanin alli da ta taho da shi daga makaranta ranar ritaya, ta tura ƙarƙashin matashin kai.

Haka suke har yanzu. Ya daina karɓar aiki, sai dai in maƙwabci ya matsa. Bas ɗin farko yake hawa, sifanar tana aljihun baya tana takura masa zama. A banɗakin Auta akwai famfo mai ɗiga, ana jin sa daga ɗakin Malama, surukin ya ce na mai gidan haya ne, za su turo nasu mutumin. Sifana bai sa baki ba. Ya kan zuba shayi kofi biyu, ya miƙa mata nata, ya zauna. Ita kuma ta laluba ƙarƙashin matashi da hannun da ya rame, ta buɗe gwangwanin, ta ɓallo 'yar ƙaramar ta ɗora masa a tafin hannu.

"Shanye, Injiniya. Taka ce."

Ya kan daɗe yana kallon ta kafin ya kai baki. Malama ba ta kau da ido sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa, wani lokaci ma ta ce ya buɗe baki ta gani.